Babi na Bakwai: Masu Tara Alƙaluma da Masu Isar da Su

A babin da ya gabata mun yi bayanin yadda hukumomi ke tattara alƙaluma, tun daga ƙidayar jama'a har zuwa lissafin farashin kayan masarufi. Yanzu kuwa ya kamata mu juya ga wata mas'ala wadda ta fi waccan wuya, ko da yake ba a cika kula da ita ba, watau yadda alƙaluman nan, bayan an sha wahalar tara su, za su isa ga mutanen da aka tara su dominsu ba tare da sun sāke kama a hanya ba. Gama adadi, kome ingancinsa a ofishin da ya fito, sai ya bi ta hannun minista, da ɗan jarida, da likita, da lauya, da malamin makaranta, kafin ya shiga kunnen talaka, kuma a kowane hannu yana iya samun ƙari, ko ragi, ko tawili. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa ingancin labari yana rataye ne a wuyan dukan mutanen da ke cikin isnadinsa, har idan mutum ɗaya ya yi rauni a tsakiya, sai raunin ya shafi riwayar baki ɗaya. To, haka sha'anin adadi yake. Za mu kafa misali da ƙasar Birtaniya, domin tarihin ƙoƙarin da aka yi a can a rubuce yake, da inda aka dace da inda aka gaza.

A shekarar 1834 waɗansu masana suka taru a birnin Landan, cikinsu har da Charles Babbage, wanda ya ƙago na'urar lissafi, da Thomas Malthus, wanda ya shahara da nazarin yawan jama'a, suka kafa ƙungiyar masana ƙididdiga, wadda tun daga 1887 ake kiranta Royal Statistical Society. Saboda tsoron kada a tsoma su cikin rigingimun siyasa, sai suka yi wa kansu sharaɗi cewa aikinsu ya tsaya ga tara haƙiƙanin al'amura, su nisanci faɗin ra'ayi. Suka kuma yi wa ƙungiyar tambari da hoton damin alkama, da ɗan rubutu da harshen Latin mai nuna cewa sussukar ta waɗansu ce. Ba a yi shekara talatin ba suka cire rubutun, suka bar damin shi kaɗai, domin ta bayyana cewa wanda ya ɗaure dami ya ajiye a bakin hanya ba shi da iko a kan wanda zai ɗauka, balle irin sussukar da zai yi masa. A 1858 suka karɓi mace ta farko a cikinsu, watau Florence Nightingale, wadda ta gano a yaƙin Kirimiya cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji, ta kuma gane cewa manyan gwamnati ba za su zauna su karanta jerin lambobi ba, saboda haka ta mayar da lambobin zane mai launi wanda ido zai kama da kallo ɗaya. Amma duk da wannan, sai da aka shafe fiye da ƙarni guda galibin masanan suna magana ne da junansu, a mujallunsu da majalisunsu, har abubuwa uku suka auku a ƙarshen ƙarni na ashirin waɗanda suka tilasta musu fitowa.

Na farko ya shafi gwamnati. A farkon shekarun 1980 aka yi wani bita na ayyukan ƙididdiga a ƙarƙashin Derek Rayner, wanda ya yanke cewa a riƙa tara alƙaluma musamman don bukatar gwamnati, aka rage ma'aikata. Kuma a cikin shekarun da suka biyo baya aka yi ta sauya yadda ake lissafa marasa aikin yi, sauyin kuwa galibi yana rage adadin ne, har jama'a suka soma zaton cewa duk lambar da ta fito daga hukuma an yi mata kwaskwarima. Ƙungiyar masanan ta fitar da rahoto a 1990 tana neman a ba ma'aikatan ƙididdiga 'yanci, ta kuma ci gaba da naci har aka yi dokar 2007, wadda a bisa gare ta aka kafa Hukumar Ƙididdiga ta Birtaniya a 2008, hukumar da ke ba da bahasi ga Majalisar Dokoki kai tsaye, ba ta hannun wani minista ba. A watan Disamba na shekarar nan shugabanta na farko, Michael Scholar, ya rubuta takarda a fili yana zargin ofishin Firayim Minista da sakin alƙaluman sarar wuƙa tun ba a gama tantance su ba. Daga ranar aka san cewa hukumar ba ta ado ba ce.

Na biyu ya shafi likitanci. A watan Oktoba na 1995 kwamitin da ke kula da amincin magunguna ya yi gargaɗi cewa waɗansu sababbin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Maganar gaskiya ce, sai dai an bar rabinta a baya, gama ba a gaya wa mata abin da aka ninka ba. Alhali kuwa ninkin shi ne daga kamar mace 1 cikin 7,000 zuwa mata 2 cikin 7,000. Jaridu suka ɗauki kalmar ninki suka yayata, mata da yawa suka firgita suka daina shan ƙwayar farat ɗaya, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo baya an sami ƙarin zubar da ciki kimanin 13,000 a Ingila da Wales. Abin takaicin kuwa, shi cikin kansa ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin wannan al'amari, amma mafsadar da ta auku ba ta gaza ta ƙarya ba.

Na uku, wanda ya fi sauran ɗaci, ya auku ne a gaban shari'a. A 1999 aka yanke wa wata mata lauya hukuncin ɗaurin rai da rai bisa tuhumar kashe jariranta biyu, waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, bayan wani mashahurin likitan yara ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Ya sami adadin ne ta hanyar ɗaukar 1 cikin 8,543, watau yiwuwar mutuwa ɗaya, ya ninka shi da kansa, sai ka ce babu wata alaƙa ta gado ko ta muhalli tsakanin 'ya'yan ɗaki ɗaya, alhali gidan da abin ya taɓa aukuwa ya fi sauran gidaje kusa da sake ganinsa. Bayan wannan kuma akwai kuskure na biyu wanda ya fi na farko ɓoyuwa, shi ne zaton cewa ƙarancin aukuwar abu hujja ce ta laifi. Gama idan mutuwar fuju'a sau biyu abu ne mai wuyar aukuwa, to, uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma haka, kuma aikin alƙali shi ne ya auna su biyun a ma'auni ɗaya. A watan Oktoba na 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta fitar da sanarwa cewa adadin nan ba shi da tushe, shugabanta kuma ya rubuta wa babban jami'in shari'a na ƙasar. An saki matar a watan Janairu na 2003, bayan an gano sakamakon wani gwajin asibiti da ba a nuna wa kotu ba, mai nuna cewa ɗaya daga cikin yaran yana ɗauke da ƙwayar cuta. Amma ba ta ƙara samun kanta ba, ta rasu a 2007.

Wanda ya dubi waɗannan ƙissoshi uku da idon basira zai ga cewa a kowannensu akwai mai ilmin da zai iya hana ɓarnar, sai dai ba ya wurin a lokacin da ake bukatarsa, kuma wanda ke wurin ba shi da ilmin. Masanin ƙididdiga ba shi da masu sauraro, ɗan jarida yana da su amma ba shi da lokacin tahƙiƙi, alƙali yana da iko amma bai taɓa zama gaban malamin hisabi ba tun barinsa makaranta. Daga nan aka fahimci cewa babu wata cibiya guda da za ta iya ɗaukar wannan nauyi, sai dai kowace ta kawo abin da Allah ya hore mata.

Haɗin gwiwar da ya fi shahara shi ne na rediyo. A 2001 gidan rediyon BBC ya soma wani shiri mai suna More or Less, wanda Michael Blastland ya ƙirƙiro, Andrew Dilnot kuma, masanin tattalin arziki, ya fara gabatarwa, har Tim Harford ya gaje shi a 2007. An kuwa daɗe ana shirya shi tare da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ƙasar, wadda ɗalibanta ke karatu daga gidajensu. Tsarin shirin mai sauƙi ne: mai sauraro ya ji wani adadi a bakin ɗan siyasa ko a jarida, hankalinsa bai kwanta ba, sai ya aiko, su kuma su bi sawun adadin har inda ya samo asali, su tambayi wanda ya ƙirga, da abin da ya ƙirga, da abin da ya bari. Babban abin da suka koya wa jama'a shi ne kada girman lamba ya ruɗe su. Alal misali, idan minista ya ce ya ware fam miliyan 300 a shekara don wani aiki, sai a raba kuɗin ga mutum miliyan 60, a ga cewa rabon kowa fam 5 ne, sa'an nan a yanke ko abin na murna ne ko na dariya. BBC ɗin ma ba ta tsira daga bincike ba, gama a 2016 wani kwamiti a ƙarƙashin Jil Matheson, tsohuwar shugabar ma'aikatan ƙididdiga ta ƙasa, ya duba yadda take ba da labarin alƙaluma, ya tarar sau da yawa tana maimaita abin da ɓangarori biyu suka faɗa ba tare da ta taimaki mai sauraro ya gane wanda ya fi kusa da gaskiya ba. Daga bisani ta ɗauki masanin ƙididdiga ta zaunar da shi a ɗakin labaranta.

Na makarantu kuma ya soma ne a 2000, gab da ƙidayar jama'a ta 2001, sa'ad da cibiyar koyar da ƙididdiga ta ƙungiyar masanan, wadda a lokacin take zaune a Jami'ar Nottingham Trent, ta haɗa kai da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa suka shirya wa yara ƙidaya tasu ta kansu, mai suna CensusAtSchool. Yara suna auna tsawonsu da tsawon ƙafarsu, su faɗi yadda suke zuwa makaranta, a tara amsoshin a rumbu ɗaya, sa'an nan kowane aji ya ɗebo samfuri ya gwada da nasa. Hikimar abin ita ce yaron da ya ga da idonsa cewa matsakaicin tsawon ajinsu yana iya zama tsawon da ba ko mutum ɗaya a ajin da yake da shi, ya kuma ga cewa samfuri biyu daga rumbu ɗaya ba sa ba da amsa ɗaya daidai wa daida, ya riga ya sami abin da manya da yawa suka rasa. Shirin ya bazu zuwa Afirka ta Kudu, da Kanada, da Ostareliya, da New Zealand, da waɗansu ƙasashe, kuma a wurare da dama ofishin ƙididdiga na ƙasar ne da ma'aikatar ilmi suka riƙe shi tare. A fagen shari'a ma ba a zauna ba: ƙungiyar masanan, da tallafin Gidauniyar Nuffield, ta wallafa littattafan jagora ga alƙalai da lauyoyi da masu ba da shaidar ƙwarewa, a 2017 kuma ta haɗu da kwalejin horar da lauyoyi ta Landan suka fitar da wani taƙaitacce.

Ranar 20 ga Oktoba, 2010, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a matsayin Ranar Ƙididdiga ta Duniya ta farko, ƙungiyar ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai mai suna getstats, wanda ya nufi 'yan jarida, da 'yan majalisa, da malamai, da ma'aikata. Daga cikin amfanin da ya yi akwai auna zurfin ciwon da ake son warkarwa. Aka tambayi 'yan majalisa 97 cewa idan an wurga kwabo sama sau biyu, mece ce yiwuwar ya faɗo da kan sarauniya a duka biyun. Kashi 40 cikin 100 ne kawai suka ba da amsar daidai, watau ɗaya cikin huɗu. A 2013 kuma ƙungiyar, da kamfanin jin ra'ayin jama'a na Ipsos MORI, da King's College ta Landan, suka tambayi mutanen gari game da ƙasarsu. Jama'a suka ƙiyasta cewa kashi 15 cikin 100 na 'yan matan da ba su kai shekara 16 ba suna yin ciki kowace shekara, alhali bai kai kashi 1 ba. Suka ce baƙin da aka haifa a waje kashi 31 ne, alhali 13 ne. Suka ce Musulmi kashi 24 ne, alhali a lokacin kimanin 5 ne a Ingila da Wales. Suka ce a cikin kowace fam 100 ta tallafin gwamnati ana cinye fam 24 ta hanyar zamba, alhali bai cika fam ɗaya ba. Wannan shi ne abin da malamai ke kira jahilci murakkabi, mutum bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. Masu binciken sun lura cewa kuskuren ba na rashin iya lissafi ne kaɗai ba, gama mutane suna kumbura abin da ke damunsu ne, tsoro ya riga adadi shiga zuciya.

Gaskiyar wannan lura ta bayyana a 2016, lokacin ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, sa'ad da masu son ficewa suka rubuta a jikin wata jar motar safa cewa Birtaniya tana aika wa Tarayyar fam miliyan 350 kowane mako. Adadin bai cire rangwamen da ake yi wa ƙasar tun kafin kuɗin su fita ba, balle abin da ke komowa gare ta. Shugaban Hukumar Ƙididdiga a lokacin, wanda ba kowa ba ne illa Andrew Dilnot na shirin rediyon nan, ya faɗa a fili cewa adadin mai ɓatarwa ne. Masu binciken gaskiyar magana na Full Fact suka faɗa, cibiyoyin nazarin tattalin arziki suka faɗa, amma aka yi kunnen uwar shegu da su duka, domin hukumar ba ta da makamin da ya wuce takarda. A 2018 wani bincike na King's College ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka taɓa jin maganar har lokacin suna gaskata ta. Wajibi ne mai adalci ya ambaci wannan, don kada a ɗauka cewa ijma'in masana yana isa ya kawar da abin da zuciya ke so.

Duk da haka, sa'ad da annobar korona ta zo a 2020, sai ribar zumuncin shekara ashirin ta fito. Cikin 'yan makonni Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa, da Jami'ar Oxford, da Jami'ar Manchester, da hukumar lafiyar jama'a, da Gidauniyar Wellcome suka kafa wani bincike wanda ake zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a a gwada mutanensu, masu ciwo da masu lafiya, don a san haƙiƙanin yaɗuwar cutar, ba adadin waɗanda suka kai kansu gwaji kawai ba. A watan Yuni na shekarar shugaban Hukumar Ƙididdiga, David Norgrove, ya tsawata wa ministan lafiya a rubuce saboda cakuɗa gwajin da aka yi da wanda aka aika ta gidan waya don adadin ya yi kauri. A watan Afrilu na 2021 kuma, da aka gano cewa allurar rigakafi ta AstraZeneca tana jawo wani nau'in daskarewar jini ga mutane ƙalilan, sai hukumomin lafiya suka fito gaban 'yan jarida da zanen da Cibiyar Winton ta Jami'ar Cambridge ta shirya, cibiyar da David Spiegelhalter yake shugabanta a lokacin. Zanen ya ɗauki mutum 100,000 a kowane rukunin shekaru, ya sa amfani a hannu ɗaya, cutarwa a ɗaya hannun; ga tsofaffi amfanin ya rinjaya nesa ba kusa ba, ga 'yan ƙasa da shekara talatin kuwa, a lokacin da cutar ta lafa, sun yi kusan kunnen doki, saboda haka aka ce a ba su wata allurar. Ciwo iri ɗaya ne da na 1995, amma wannan karon an faɗi adadin tare da abin da aka ƙirga shi a cikinsa, aka bar mutane su auna da hankalinsu, kuma rigakafin ya ci gaba.

Abin da za mu ɗauka daga wannan tarihi shi ne cewa ƙwarewa a ilmin ƙididdiga tana kama da farali na kifaya, waɗansu su ɗauke wa sauran. Ba wanda ya taɓa sa rai cewa manomi da ɗan kasuwa za su zama masana, kuma ko 'yan majalisar da aka sake yi wa tambayar kwabo bayan kimanin shekara goma, kashi 52 ne suka dace. Rabon kowane mutum kaɗan ne, amma ba a ɗauke masa: ya tambayi wanda ya ƙirga, ya tambayi cikin nawa, ya tambayi abin da aka gwada da shi. Rabon cibiyoyi kuwa shi ne su tabbatar cewa idan ya yi tambayar akwai mai amsa masa. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda in babu shi haɗin kan ya ɓaci, shi ne kowane abokin tafiya ya kasance yana da 'yancin ƙaryata ɗan'uwansa. Hukumar da ke aiki da gwamnati ita ce ta tsawata wa ministocinta, gidan rediyon da ke binciken 'yan siyasa shi ma ya miƙa kansa aka bincike shi, masanan da ke koyar da lauyoyi su ne suka fito suka ce kotu ta karɓi shaidar da ba ta da tushe. Inda cibiyoyi suka haɗu don su riƙa yabon juna da rufa wa juna asiri, to, jama'a za su gane, kuma shakkarsu za ta ƙaru ne, ta haɗa har da alƙaluman da ba su da aibi. Da wannan ma'auni za mu shiga babi na gaba, inda za mu duba ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 1962 da ta 1963, da kuma ta 1973 wadda aka soke, mu ga abin da ke aukuwa ga ƙasa idan aka rasa mai shaidar da dukan ɓangarori suka yarda da adalcinsa.